Tsohon Gero

A bayan ɗakin kakana, a wani ƙauye da ke arewa da Daura, inda tafiyar hantsi ɗaya a ƙasa kan kai mutum cikin ƙasar Nijar, akwai rumbuna huɗu da rufewa guda. Rumbunan na kara ne da zana, bayan shekara biyu ko uku sai an sabunta su. Rufewar kuwa ginin ƙasa ce, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a can sama. An ɗora ta a kan duwatsu don kada danshi da gara su kai gare ta, aka kifa mata jinka kamar malafa. A ƙarƙashinta kaji ke fake wa rana da shirwa, su kuma tsince duk ƙwaron da ya nufo ta. Mu yara babu lungun da ba ma wasa a gidan nan, ban da gindin rufewa. Ba a taɓa dukan wani a kan haka ba. Mun dai lura cewa ko manya, in sun zo wucewa ta wurin, sukan rage murya.

Ba a sussuke hatsin da za a ajiye. In an yi girbi, gero ya sha rana a gona har zangarniya ta bushe ƙayau, sai a ɗaure shi dami-dami. Kafin a kai ko ɗaya gida, Kaka yakan tsaya a bakin gona ya ƙirga: tara namu, na goma na Allah. Sai zakka ta fita sannan jakuna su fara jigila. Mutum ɗaya ke shiga cikin rufewar, a riƙa miƙa masa, yana kwance dami yana jera zangarniya a kewaye, yana dannawa da ƙafa har babu inda ɓera zai sa kai. In ta cika a rufe bakin, a shafe da laka. Gero a zangarniyarsa yana cikin rigarsa ne. Ƙaiƙayin nan da ke hana mu barci ranar sussuka shi ke hana ƙwaro sakat. Haka zai yi shekara uku, huɗu, ba abin da ya same shi sai ɗan duhun launi da wani ƙanshi da duk wanda ya taɓa shan furar tsohon gero ya sani. Ranar da na fara jin fassarar Suratu Yusuf a wurin tafsiri, aka zo inda Annabi Yusuf, alaihis salam, ya shawarci mutanen Masar su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa saboda shekarun fari bakwai da ke tafe, ban ji baƙon abu ba. Abin da nake gani ne kullum a bayan ɗakin kakana.

Ginin rumbu abu ne mai sauƙi. Dokarsa ce mai wuya. Kowane rumbu da lokacinsa: na farko a ci shi daga kaka zuwa tsakiyar sanyi, daga nan maigida ya ɗaure rumbun gandu. Samari su tafi cin rani, wasu Kano wasu Kurmi, bakin ci ya ragu, waɗanda suka rage a gida su riƙa lallaɓawa da abin da aka samu a gayauna da kalar da mata suka yi. Sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da majiya ƙarfi ke bukatar fura da rana da tuwo mai nauyi da dare, sannan a buɗe na gaba. Rufewa kuwa ba ta cikin lissafin shekara ko kaɗan. Ba a buɗe ta don biki, ba a buɗe ta don haraji, ba a buɗe ta don an ji gero ya yi daraja a kasuwar Mai'aduwa. In sabuwar kaka ta yi albarka, a kwashe tsohon a ci, a zuba sabo. In ba ta yi ba, a bar shi inda yake.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda ake tambayar arziki a lokacin. In dattawa biyu sun haɗu bayan girbi, an gama gaisuwa, sai ɗaya ya ce, "To, bana hatsinku zai kai ku ina?" Wani ya sunkuyar da kai ya ce zai kai su faɗuwar ruwa. Wani ya ce da yardar Allah zai kai su marka. Wanda Allah ya rufa wa asiri ya ce, "Zai ga sabo." Gidan da tsohon hatsi ke tarar da sabo, shi ne gidan da uba ke kwana da kwanciyar rai in ya ba da 'yarsa. Da watanni ake auna gida, ba da sulalla ba.

Ina ɗan shekara tara na ga amfanin wannan doka da idona. Daminar 1983 ta yi gardama, ta 1984 ta fi ta. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. A watan Afrilun shekarar kuma gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta canja kuɗi. 'Yan'uwanmu na wajen Magarya da Matamai, waɗanda suka saba gangarowa da dabbobi su koma da hatsi, suka rasa hanya. Shi ya sa har yau a Nijar ake kiran wannan yunwa El-Buhari. Amma zumunci bai san shinge ba. Da dare suka riƙa isowa ta hanyoyin daji, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, har zauren gidanmu ya cika.

Da bazarar 1985 ta kama, rumbuna huɗun nan duk an share su, har dusar da ke gindinsu an tankaɗe. Wata safiya bayan sallar asuba Kaka ya sa aka kawo tsani. Baffana ya hau, ya sauke jinkar. Kaka da kansa, duk da tsufansa, ya taka matakala uku, ya yi bisimilla, ya buga ƙotar gatari a kan lakar. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin da ya fito. Geron shekara uku ne. Damin farko da aka fitar bai kai turmi ba. Kaka ya zaɓe manyan zangarniyoyi ya rataye a ɗakinsa, ya ce wannan iri ne, ko mutuwa ake yi ba a taɓa shi. Sannan ya tsayar da abin da za a riƙa fitarwa kowace rana. Kakata ta dube shi ta ce, "Malam, mutanen zaure fa?" Ya ce, "Da su na auna."

Ba mu ƙoshi ba a watannin nan. Kunu ne tsararo da safe, da dare ɗan tuwo da aka cika da tafasa da rama da yaɗiya. Amma babu wanda ya bar gida, ba a jinginar da gona ba, kuma da ruwa ya sauka muna da abin shukawa. Maƙwabtanmu biyu sun sayar da gonakinsu a kan 'yan buhuna, suka shiga birni. Ba su sake komawa ba, jikokinsu ma ba su san hanyar garin ba.

Kaka bai koyi wannan a littafi ba. Yana ƙaramin yaro aka yi yunwar Kakalaba a 1914, lokacin da mutane suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara, suna sussuka ƙarangiya suna dama kunu. Ya ga 'Yar Buhu a 1927, ya ga 'Yar Gusau a 1942, ya ga farin 1973 da ya ƙarar da dabbobi. Yakan ce yunwa ba ta sallama, kuma duk wadda ya gani, sai da mutane suka fara cewa an wuce zamaninta sannan ta zo.

Kada a ɗauka kowa na da rufewa. Da yawa ba su da ita, kuma ba lalaci ya hana su ba. Haraji da kaka ake karɓarsa, da tsabar kuɗi, daidai lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci araha. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan, gonaki da yawa da ke ba da gero suka koma ba da abin sayarwa. Talaka ya sayar da hatsinsa da kaka a wulaƙance, ya dawo da marka ya saye shi da tsada, ko ya ci falle wurin mai hali: dami ɗaya yau, biyu in an girbe. A tsallaken iyaka kuma, bayan yunwar 1931, Turawan Faransa sun tilasta wa kowane gari ya yi rumbun tsimi, kowane magidanci ya zuba rabonsa, a rufe, ba mai buɗewa sai da izinin hukuma. Dabarar ba ta da laifi a takarda. Amma tsofaffin da suka yi zamanin ba sa tuna ta da alheri, domin hatsin da ƙarfi aka karɓa, kuma mai shi ba shi da ta cewa a kan ranar da za a mayar masa. Na daɗe ina tunanin wannan. Hatsi iri ɗaya ne, gini iri ɗaya ne, amma wanda makullinsa ke hannunka tanadi ne, wanda ke hannun wani kuwa wani harajin ne.

Duk wannan labarin maza ne. Rabin ajiyar gidan a ɗakin kakata take, kuma ba na jin an taɓa ba ta haƙƙinta na yabo. A ƙarƙashin gadonta da cikin ragayar da ke rataye akwai miyar shekara guda: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, gabu, barkono, daddawar da aka shanya ta bushe kamar tsakuwa, curin tsamiya, kanwa, da gishirin da Buzaye ke kawowa daga Bilma. Man shanu ta soya shi ta zuba a kwalba, ba ya tsami. Gyaɗa a ɓawonta take barin ta. Wake kuwa, wanda ya fi komai saurin lalacewa, da toka take gamawa da shi. Ta tankaɗe toka mai sanyi, ta cuɗa da waken, ta ɗura a tulu har wuya, ta ƙara toka a sama, ta liƙe bakin da laka. Wata rana ta ce mini, "Maigidana, zo ka riƙe mini faifai." Ina riƙe na tambaye ta abin da ya haɗa abinci da toka. Ta ce, "Ƙwaro ma numfashi yake yi, kamar kai. In ka toshe masa hanya, sai ya bar maka wakenka."

Yaya aka yi duk wannan ya tafi? Ba rana ɗaya ba, kuma ba mutum ɗaya ya kore shi ba. Gandu ya watse, gonar da ke ciyar da mutum talatin ta rabu gida takwas, kowane yanki bai isa cika rumbu ɗaya ba. Tun daga aikin raya karkara na Funtuwa da aka fara a 1975, masara da takin zamani suka bazu a ƙasar Hausa. Masara ta ƙosar da mutane, wannan gaskiya ne, amma ba ta da haƙurin gero. Ƙwari da fumfuna ba sa yi mata wata-wata. Injin sussuka ya zo, hatsi ya fita daga rigarsa ya shiga buhu. Injin niƙa ya zo, aka koma ajiye gari, shi kuwa garin gero 'yan kwanaki kaɗan yake yi ya fara ɗaci. Baki ya saba da shinkafa da taliya. A 'yan shekarun nan kuma, a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, cikakken rumbu ya zama abin tsoro, tun da 'yan bindiga na kwashewa ko su cinna masa wuta. Manomin da ya sayar da amfaninsa tun a gona don gudun wannan, wa zai ga laifinsa?

Mu da muka dawo birni kuwa, sai muka miƙa wa kasuwa amanar cikinmu gaba ɗaya. Mai albashi ya yi sayayyar wata, mai neman na yau ya yi awon yini, hannu baka hannu ƙwarya. Shagon unguwa ya zama rumbun kowa: ƙullin mai, ƙullin sukari, tumatirin leda, gwangwanin shinkafa. Na yi sama da shekara ashirin a Kano a kan haka, ina ganin na ci gaba. Tambayar nan ta dattawa ta ɓace daga bakina, na koma tambayar ranar da albashi zai shigo.

Sai aka shiga watan Afrilun 2020. Ranar 16 ga wata aka rufe Kano saboda annobar korona, mako guda bayan haka azumi ya kama, ranar 27 kuma gwamnatin tarayya ta ƙara mako biyu. A daren farko uwargidana ta shigo ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ce, "Malam, abin da ke gidan nan ba zai wuce kwana huɗu ba." Ina da kuɗi a banki. Na duba waya na ga adadinsu, na kuma gane ba za a iya dafa su ba. Da aka fara sassautawa ranakun Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, na shiga cunkoson kasuwa da azumi a bakina, kowa na turereniya a kan abin da farashinsa ya tashi tsakanin safe da azahar. A hanyar dawowa, da leda biyu a hannu, rufewar kakana ta faɗo mini a rai, na ji nauyin abin da na sake.

Da sau ɗaya abin ya faru, da sai a ce tsautsayi. Amma a farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai awo ya ce ba ya karɓar tiransifa. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin dako ya hau kan kowane mudu, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A farkon Agustan 2024 zanga-zanga ta jawo dokar hana fita ta awa 24 a Kano. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da fari ya kawo. Hatsi na nan jibge a kasuwar Dawanau, amma tsakaninsa da tukunyar gida an rufe ƙofa.

Yunƙurina na farko na yin tanadi bai yi nasara ba. Da kakar 2020 na sayi buhun wake da buhun masara, na jingina su da bango a kan siminti a ɗan ɗakin ajiyarmu. Wajen watan Maris, da dare in gari ya yi tsit, sai a riƙa jin wani ƙas-ƙas daga ɗakin. Na zura hannu cikin waken na ji ɗumi. Na damƙo na duba a fitila: kowace ƙwaya da huda biyu ko uku, gari na zuba ta tsakanin yatsuna. Masarar kuma gindin buhun ya ja danshi ya yi fumfuna. Na san wannan fumfunar ba abin wasa ba ce, tana haifar da dafin da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Haka na zubar da kusan rabi, raina na ƙuna.

Da na koka wa wani ɗan kasuwa, sai ya ce ai da na yayyafa fiya-fiya, ko na jefa ƙwayar maganin hatsi a buhun. A nan nake so mai karatu ya tsaya. Fiya-fiya guba ce, ba a yi ta don abin da za a ci ba. Saboda yawan sinadarinta a jikin waken da ake fitarwa daga Najeriya ne Tarayyar Turai ta hana shigar da shi ƙasashenta a 2015. Su sun auna sun ƙi. Mu kuwa shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Ƙwayar maganin hatsi kuma, irin su Phostoxin, iskar guba take fitarwa, an yi ta ne don manyan ɗakunan ajiya a hannun waɗanda suka san aikin. Sa ta a buhun da ke ɗakin da yara ke kwana ganganci ne da rai. Abin da ke ba ni takaici shi ne, iyayenmu sun ajiye abinci shekaru ba tare da ɗigon guba ba, mu da muka yi boko muka koma zuba wa cikinmu maganin sauro.

Wani abokin aikina ɗan ƙasar Maraɗi ne ya nuna mini buhun PICS. Buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da masu binciken aikin gona a Marwa ta arewacin Kamaru, su suka fara gwada dabarar a ƙarshen shekarun 1980, saboda ƙwaron wake. Daga 2007 aka shiga yaɗa ta ƙauye-ƙauye a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu, kuma a nan Kano ma ana ƙera buhun. Da ya yi mini bayanin yadda yake aiki, sai na yi shiru. In an ɗaure ledojin tam, ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Maganar kakata ce, ranar da na riƙe mata faifai. Tulu ne da laka suka dawo a cikin leda.

Amma buhun ma yana da dokarsa, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Sai hatsi ya bushe sosai. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa: in ka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara, ta yi, in ta lotsa, a mayar da ita rana. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. A duba ledar kada ta kasance da huda ko ta allura ce. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. A ɗora a kan katako, nesa da bango, a kuma yi maganin ɓera, domin haƙorinsa ɗaya ya isa ya rushe aikin duka. Kuma ba a buɗewa kullum. Mu abin da muke yi, na ci yau da gobe yana cikin jarkokin mai da aka wanke aka shanya, a cika su har wuya a ɗaure murfin da leda. Buhunan kuwa ba a taɓa su sai jarka ta ƙare. A jikin kowanne uwargida ta rubuta watan da aka zuba, a ci tsoho kafin sabo.

Ita ce ma ta fi ni riƙe abin. Da rani, lokacin da tumatir da tattasai na Kadawa ke zubewa a kasuwa har ana rasa masu saye, takan sayi kwando ta yanka ta shanya. Ta dawo da kuka da kuɓewa da daddawa irin na uwarta. Ita ta tuna mini cewa ɗanyen hatsi ba abinci ba ne in babu wuta da ruwa, don haka muka ƙara buhun gawayi, da abin da ake ci ba sai an ɗora tukunya ba: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari. Man girki ba ma tara shi da yawa, don yana sauya ɗanɗano in ya daɗe. Bayan ambaliyar da fashewar madatsar Alau ta jawo wa Maiduguri a watan Satumban 2024, muka ƙara wa katakon tsawo.

Na sha jin ana cewa irin wannan rashin tawakkali ne, wai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne, amma ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara, kuma babu wanda ya kai shi dogara ga Allah. Wasu kuma su ce ai wannan shi ne ɓoye abincin da ake kuka da shi, har hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau a watan Fabrairun 2024 bisa wannan zargi. Abu biyu ne mabambanta. Mai tanadi yana saye da kaka, lokacin da abu ya yi yawa har manomi na neman mai saye, don bakin iyalinsa. Mai ɓoyewa yana kwashewa ne ya kulle, yana jiran ranar da jama'a za su galabaita. Rufewar kakana ba a taɓa sayar da dami ɗaya daga cikinta ba, kuma da aka buɗe ta har baƙin zaure sun ci. Da farashin hatsi ya faɗo a 2025, waɗanda suka tara don riba sun yi kuka. Wanda ya ajiye don ci kuwa, cin abinsa ya yi.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce, ni da ban san abin da za a ci da daren yau ba, ina ni ina buhu? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba ni da bakin raina ta. Ta wannan gefen laifin na shugabanni ne da mawadata. Amma kada kowa ya sa rai ga rumbun gwamnati. Tan 42,000 da aka ba da umarnin fitarwa a watan Fabrairun 2024, in aka raba wa mutum sama da miliyan 200, kowa bai samu rubu'in kilo ba. Abin da na gani yana aiki ƙarami ne: mata biyar a layinmu suna adashi, da kaka su sayi buhun gero da na wake su raba, kowace ta ɗura nata a jarka. Wata gorunan ruwa na roba take cikawa da wake, ɗaya bayan ɗaya, duk sanda ta samu rarar mudu. A ƙauyukan Nijar bankin hatsi na gari, wanda mutanen gari ke riƙe da makullinsa, ya tsallakar da gidaje da yawa daga bazara zuwa kaka. Masallatan unguwanninmu da ƙungiyoyin zumunta za su iya yin irinsa.

Rufewar kakana ta faɗi shekarun baya, a wata damina mai ruwa, bayan ta daɗe babu komai a cikinta. Da na je gida bara na tarar duwatsun da ta zauna a kai suna nan a jere, yara na wasa a kansu.

Ɗan'uwa mai karatu, in kana da halin ko da mudu biyar ne, kada kakar bana ta wuce ka. Nemi jarka mai murfi ko buhun PICS na gaske, ka shanya hatsin ya bushe, ka ɗaure, ka rubuta wata a jiki, kuma don Allah kada ka zuba masa guba. Yau da dare, in yara sun kwanta, ka zauna da uwargida ku buɗe abin da ke gidan ku ƙirga, ku ga zai kai ku ina.